Yadda Ake Auna Wuraren da Direban Tirela Ba Ya Gani

Masu motoci da direbobi da dama sun yi ta tambayata yadda ake wannan awo, tun ranar da na ce duk babbar motar da ba a zagaye ta da toka an auna ba, mai ita bai gama saninta ba. Wasu daga Potiskum, wasu masu tifa daga Kano, har da wani da ke da tanka biyu yana lodi a Kaduna. Tambayar duk iri ɗaya ce: ta ina ake farawa, me ake buƙata, nawa za a kashe?

Abin da za a auna shi ne makahon wuri, wato duk wani fili a kewayen mota da direba ba ya iya gani daga kujerarsa, ko ta gilashi ko ta madubi. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan aiki kimar ido ba ta wadatarwa, domin makahon wuri yana canzawa daga mota zuwa mota, kuma daga direba zuwa direba. Dogon mutum da gajere a DAF guda ba abu ɗaya suke gani ba. Saboda haka awo ɗaya na mota ɗaya ne da direbanta ɗaya.

1. Haɗa kaya da mutane

Tef ɗin awo mai tsawo, irin na magina, ko igiya da aka ƙulla a kowace mita. Toka bokiti guda, ko farar ƙasa, ko alli idan filin siminti ne. Tsofaffin jarkoki ko kwalaye kamar goma. Sanda mai tsawon mita 2. Tsummoki masu launi daban-daban, aƙalla uku. Takarda babba da biro. Sai babur guda, idan da hali har da adaidaita sahu, domin su ne suka fi shiga ƙarƙashin manyan motoci a garuruwanmu.

A jikin sandar a ɗaura alama biyu: ɗaya a tsayin mita 1, kimanin tsawon yaro ɗan shekara huɗu ko biyar, ɗaya a mita 1.5, kusan inda kan mai babur yake idan yana zaune.

Mutum uku ake so: direba, mai yawo da sanda, da mai zuba toka da rubutu. Yaron mota shi ya fi dacewa da riƙe sanda, don gobe shi zai tsaya a wuraren nan yana ba da hannu.

Awon kansa ba ya cin kuɗi sai na abincin waɗanda suka taya ka, da rabin yini da motar za ta yi ba ta aiki. Kuɗi yana shigowa ne a mataki na 9, wajen gyara.

2. Zaɓi fili, ka kashe mota

Fili shimfiɗaɗɗe, wanda zai bar aƙalla mita 10 a gaba, mita 10 a kowane gefe, da mita 30 ko fiye a baya. Filin ƙwallo na unguwa ya yi. Gefen titi a Tafa ko Mararrabar Jos bai yi ba, ko da a nan motar take kwana. Tudu ko gangare kuma yana ɓata lissafi, domin idan gaban mota ya ɗaga, makahon wurin gaba yana ƙaruwa.

A miƙe kan motar da bodi su zama layi ɗaya. A ja birkin hannu, a sa waigi a tayoyi, a kashe inji.

Gargaɗi: makullin mota ya koma aljihun mai rubutu, ba na direba ba. Mutum zai tsaya a wuraren da aka tabbata direba ba ya ganinsa, saboda haka kada a bar wata ƙofa da mota za ta motsa.

3. Zaunar da direba yadda ya saba

Ya zauna kamar yana tsakiyar tafiyar Kano zuwa Legas, ba kamar ana ɗaukarsa hoto ba. Baya a jingine, hannu a sitiyari, bel a ɗaure. Idan ya saba ɗora matashi ko ninkakkiyar darduma a kujera, a bar ta. A auna daga ƙasa zuwa idonsa a rubuta.

Kada a taɓa komai tukuna. Kada a goge gilashi, kada a juya madubi, kada a kwashe kular abinci da buta da takardun da ke kan dashbod, kada a cire labule. Kuskuren da aka fi yi ke nan: a gyara komai tsaf sannan a auna, sai a sami sakamakon motar da ba ita ce ke hawa titi ba. Awon farko na motar ne yadda ta shigo filin.

4. Ƙirga madubai

Babbar mota ƙirar Turai ta zamani tana zuwa da madubi shida. Manya biyu, hagu da dama, masu nuna nesa. Ƙanana biyu masu tudu, hagu da dama, masu buɗe faɗi. Ɗaya a saman ƙofar fasinja yana kallon ƙasa. Ɗaya a saman gilashin gaba yana kallon gaban bamba. Tarayyar Turai ta wajabta na gaban a sababbin manyan motoci tun 2007, don haka tsofaffin da aka ƙera kafin nan da yawa ba su da shi, kuma irinsu ne suka cika hanyoyinmu.

Rubuta wanda yake nan, wanda ya fashe, wanda aka ɗaure da roba yana rawa, da wanda aka maye gurbinsa da madubin ƙaramar mota ko guntun madubin ɗaki.

A nan akwai abin da mutane ba su cika lura da shi ba. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, direba yana zaune a hagu, kamar yadda yake a Nijar. Motar da aka shigo da ita daga Ingila kuwa an ƙera ta ne sitiyari a dama. Idan aka mayar da sitiyarin hagu aka bar madubai yadda suke, madubin da ke kallon ƙasa zai kasance a saman kan direba, inda ba a bukatarsa, ɓangaren da ake bukatarsa kuma babu komai. Duba wannan da kyau.

5. Awon gaba

Mai sanda ya tsaya jikin bamba daidai gaban direba, ya riƙe sandar a tsaye, ya ja da baya sannu a hankali. Da zarar direba ya hango alamar mita 1.5 ta gilashi, a zuba toka a wurin. A ci gaba har ya hango ta mita 1, a sake zubawa. A maimaita daga tsakiyar bamba, daga kusurwar dama, sannan a karkace daga kusurwar dama zuwa waje. Idan aka haɗa ɗigon tokar za a ga layi biyu, kuma za a ga sun fi nisa ta dama.

Mota mai dogon hanci irin Mack ko tsohuwar 911, bonet ne ke rufe gaba. Mai ɗan guntun gaba irin DAF, MAN ko Howo, tsayin kujera ne matsalar: direba yana hango nesa sarai, amma wanda ke tsallakawa dab da bamba yana ƙarƙashin idonsa. Hukumar kula da manyan motoci ta Amurka tana gargaɗin masu ƙananan motoci su nisanci ƙafa 20 a gaban tirela da ƙafa 30 a bayanta, wato kusan mita 6 da mita 9. Wannan ma'aunin jan kunne ne na gaba ɗaya. Naka lissafin shi ne wanda toka ta nuna.

Idan akwai madubin gaba, a sake bin wurin a ga me yake kamawa. Ƙa'idar ƙera shi ita ce ya nuna ƙasa har mita 2 a gaban mota, ya kuma zarce mita 2 ta gefen fasinja.

Gargaɗi: direba ba ya son a ce bai gani ba, balle a gaban maigida da yaronsa. Zai ɗaga wuya, zai ce "na gan shi" tun bai gani ba. Maganin wannan shi ne tsummokin nan masu launi. Mai sanda ya riƙa canza su ba tare da direba ya sani ba, kuma ba a karɓar "na gani" sai ya faɗi launin. Tun farko kuma a gaya masa gaskiya: "Malam, motar muke aunawa, ba kai ba."

6. Awon hannun dama

Nan ne aikin yake. Idan lokaci ya ƙure, a bar komai a yi wannan.

A ja layukan toka huɗu a gefen dama, masu bin tsawon mota daga gaban bamba har wutsiyar bodi: na farko mita 1 daga jikin mota, na biyu mita 2, na uku mita 3.5, kimanin faɗin layin titi guda, na huɗu mita 7. Mai sanda ya bi kowane layi daga baya zuwa gaba, yana tsayawa a kowace mita. A kowane tsayi direba ya faɗi ɗaya daga uku: ina gani ta gilashi, ina gani ta madubi kaza, ko ba na gani. Inda bai gani ba a zuba toka da yawa ko a ajiye jarka.

Abin da za a fi samu shi ne, mutum yana fitowa sarai a babban madubi tun daga baya, yana matsowa yana matsowa, sai ya zo wajen tankin mai ko tayar gaba ya ɓace ɓat, ba zai sake bayyana ba sai ya wuce gaban mota da 'yan mitoci. Wannan tazarar, daga inda ya fita daga madubi zuwa inda ya shigo gilashi, ita ce lambar da ta fi kowace muhimmanci a takardarka. A auna ta a kowane layi.

Ga ma'aunin da za ka gwada madubanka da shi, bisa ƙa'idar da ake ƙera motocin Turai a kai. Babban madubi ya nuna faɗin mita 1 daga jikin mota tun daga mita 4 a bayan idon direba, ya buɗe har faɗin mita 5 a nisan mita 30. Mai tudu ya nuna faɗin mita 4.5 tun daga mita 1.5 a bayan ido, ya kai faɗin mita 15 daga nisan mita 10 zuwa mita 25. Na saman ƙofa ya nuna ƙasa har mita 2 daga jikin ƙofar, mita 1 gaba da saitin direba da mita 1.75 baya. Ajiye jarkoki a waɗannan wurare. Wadda direba bai gani ba, ko madubin ya karkace ko ba irinsa ba ne.

Bayan sanda, a kawo babur da mutum a kai, a tura shi da ƙafa a bi layin farko da na biyu. Sai adaidaita sahu. Na taɓa ganin an jera babura uku a gindin ƙofar dama ta wata tifa, direban yana rantsuwa ba kowa a wurin. Daidai wurin ne kuma ɗan acaɓa yake kutsawa ya tsaya a danja ko bakin shataletale, yana ganin ai ga shi dab da mota, dole an gan shi.

Kada a manta da abin da madubin kansa yake ɓoyewa. Gidan madubi biyu a jere da ƙarfen da ke tsakanin gilashin gaba da ƙofa suna iya rufe mutum sukutum, har ƙaramar mota idan tana nesa. Mai sanda ya yi zagaye daga gaban mota zuwa dama a nisan mita 5, sannan mita 10, direba ya faɗi inda ya ɓace da inda ya fito. Wannan ne ke sa direba ya fito mahaɗa ya ce wallahi bai ga mai zuwa ba, kuma gaskiya ya faɗa.

7. Hagu da baya

Awon hagu iri ɗaya ne da na dama, amma layi biyu sun isa. Makahon wurin nan ƙarami ne, yawanci daga bayan kafaɗar direba zuwa farkon bodi.

A baya, mai sanda ya tsaya tsakiyar wutsiya ya yi ta tafiya har direba ya hango shi a ɗaya daga madubai. Kada ka yi mamaki idan ya kai ƙarshen fili ba a gan shi ba. Bodi mai faɗin mita 2.5 ba ya barin a ga abin da ke saitin tsakiyarsa ta baya. Abin da ake nema a nan shi ne inda yaron mota zai riƙa tsayawa lokacin ribas: ta kusurwar hagu, nesa da bodi, inda yake ganin fuskar direba a madubi. A yi wa wurin alama, a kuma yi yarjejeniya a gaban kowa cewa da zarar ya ɓace daga madubi, direba zai taka birki ba tambaya.

8. Karya kai, sannan a sake

Wannan na tirela da tanka ne masu kai daban da bodi. Kowa ya fita daga fili, a mayar wa direba makulli, ya karya kan motar zuwa dama kamar zai shiga kwana, ya tsaya, a kashe, a karɓe makulli, a mayar da waigi. A sake bin gefen dama da na hagu.

Za a ga babban madubin dama ya cika da jikin bodi, ba ya nuna komai sai tamfol, na hagu kuma yana kallon sarari, wutsiyar hagu ta fita daga gani gaba ɗaya. Mai tudun ne kaɗai ke aiki a wannan hali, shi ne kuma wanda aka fi bari a fashe.

Daga nan a jera kwalaye kamar bakin kwana, kowa ya koma nesa, direba ya sha kwanar a hankali. A bi sawun tayar gaba da na tayar ƙarshe a auna tsakaninsu. Tayoyin baya suna yanko ciki sosai, kuma filin da suke takawa shi ne wanda direba ya buɗe lokacin da ya fara yin hagu don ya sami wurin juyawa. Mai babur yana ganin an ba shi hanya.

Gargaɗi: a wannan gwajin kwali kawai ake sawa. Ba mutum, ba babur.

9. Direba ya sauko, sannan a gyara

Kafin a share toka, direba ya sauko ya zagaya da ƙafarsa ya ga girman wurin. Ya hau babur ɗin ya zauna a gindin ƙofar dama ya ɗaga kai. Maigida da yaron mota kuma su hau kujerar direba su duba. Gani ya kori ji. A ganina wannan minti goman ya fi duk lambobin da aka rubuta amfani, domin direban da ya shekara ashirin a hanya ba ya canza hali don an karanta masa takarda.

Gyara ana fara shi da na kyauta. A kwashe dashbod. A cire sitika da rubutun da suka sauko cikin gilashi, da furanni da carbin da ke lilo. A ɗaure labulen gefe. Idan ƙofar dama tana da ƙaramin gilashi a ƙasa, a cire jaka ko kwalin da ya toshe shi. A wanke gilashi ciki da waje. A daidaita kujera, sannan madubi, ba a juya tsarin ba. A babban madubi jikin mota ya ɗauki siririn gefe kawai. Direbobi da yawa suna karkato shi ciki don su riƙa kallon kaya da tayoyi, sai rabin madubin ya tafi a kallon abin da ba zai gudu ba.

Sai na kuɗi, kuma ga yadda zan jera su: madubi mai tudu na dama, na saman ƙofa, na gaba, ƙararrawar ribas, kyamara a ƙarshe. Ana samun su sababbi da 'yan Beljiyam a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Je da lambar ƙirar motar ko tsohon madubin a hannu, ka taya a shago uku, ka kuma sa kuɗin mai walda a lissafi, don sau da yawa hannun madubin ne ya lalace. Hannu mai rawa yana mayar da sabon madubi banza da zarar an hau hanya mai gargada. Duk abin da suka kama, bai kai taya guda ba.

Gargaɗi: madubi mai tudu yana nuna abu ƙarami kuma kamar yana nesa. Da shi ake sanin akwai wani, ba da shi ake kimanta tazara ba. Kyamara kuma ƙurar hunturu tana rufe idonta cikin tafiya ɗaya, sai an sa gogewa cikin aikin yaron mota na kowace safiya.

Bayan gyara a maimaita mataki na 5 da na 6, a zana sabon layi kusa da tsohon.

10. Idon direban kansa

Ya karanta lambar mota daga nisan mita 20, ma'aunin da ake amfani da shi a Ingila. Ya gwada da ido biyu, sannan ya rufe ɗaya bayan ɗaya. Sai ganin gefe: ya kafa ido a abu guda a gabansa, wani ya taho da tsumma daga bayan kunnensa, ya faɗi lokacin da ya fara gani. A gwada hagu da dama. Idan gefe ɗaya ya makara sosai, ko ido ɗaya ya kasa karatu, a tafi asibitin ido. Hawan jinin ido daga gefe yake fara cin gani, ba zafi, mutum bai sani ba, yanar ido kuma tana sa fitilar mai zuwa ta dallare shi da dare. Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitin ido na ECWA a Kano suna wannan gwaji.

A yi wannan a keɓe, ba a gaban yara ba. Mutumin da yake tsoron rasa abincinsa zai ɓoye, alhali sau da yawa tabarau ne kawai maganin.

11. Rubuta, ka sa ranar komawa

A zana motar daga sama a takarda, a sa layukan da lambobinsu, sunan direba, lambar mota, tsayin idonsa da kwanan wata. Kofi ɗaya a mota, ɗaya a ofis. Mai motoci biyar ko fiye, wanda dama hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ke bukatar ya riƙe bayanan lafiyar motocinsa da direbobinsa, ya sa takardar cikin fayil ɗin motar.

Ana sake awo idan an canza direba, kujera, madubi ko bodi. Ana kuma sake na dama da na baya idan an yi lodin da ya fi bodi faɗi, irin buhunan gawayi ko kara da suke leƙowa gefe, domin suna cinye abin da madubi ke nunawa. Sau ɗaya a yi shi bayan magariba da fitilun mota kawai, mai sanda sanye da baƙaƙen kaya.

Kafin a tashi, wani ya hau saman bodi ko kan wata motar ya ɗauki hoton filin da waya, tokar da jarkokin da babur ɗin duk suna wurinsu. A yi shi da wuri, iskar la'asar ba ta barin toka.